Yadda za a koyar da matsalolin iyaka na zamanin Diori Hamani

Malamin da zai koyar da ɗaliban Maraɗi wannan darasi ya fara kafa taswira a allo, domin da dama daga cikin matsalolin da Nijar ta fuskanta a zamanin shugabanta na farko, Diori Hamani, bayan samun 'yancin kai ranar 3 ga Agustan 1960, sun samo asali ne daga rashin mafita zuwa teku. Ya nuna musu da yatsa hanyar da gyaɗar Maraɗi ke bi a wancan lokacin ta Ɗan Isa zuwa Kano, da wadda ke bi ta Gaya zuwa Kwatano.

Daga nan sai ya kawo rikicin tsibirin Lete na kogin Kwara tsakanin Nijar da Dahomey, wato Benin ta yau, wanda ya yi tsanani a 1963 har Nijar ta kori ma'aikatan Dahomey, kuma bai ƙare ba sai a 2005 da kotun duniya ta ba Nijar tsibirin. Ya ambaci kutsen mayaƙan jam'iyyar adawa ta Sawaba ta Djibo Bakari a 1964 a taƙaice.

Inda ya kamata ya fi daɗewa, a ganina, shi ne yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970, lokacin da Faransa ta karkata ga 'yan aware amma Diori ya tsaya tare da gwamnatin Gowon ta Najeriya. Malamin ya tambayi ɗalibai abin da zai sami kasuwar Maraɗi da 'yan uwansu na Katsina da a ce Diori ya bi Faransa, sannan ya bar su su yi muhawara kafin ya shiga batun farashin yuraniyom na Arlit.