Kafin ku jona tsohuwar kwamfuta da wuta

'Yan uwa masu tsintar tsoffin kwamfutoci a kasuwannin Computer Village ko Alaba na Legas, kada zumuɗi ya sa ku jona kwamfutar da wuta nan take. Ku fara leƙa bayanta. Akwai ɗan jan maɓalli mai lamba 115 da 230, wato ƙarfin wutar da kwamfutar za ta karɓa. Kayan Amurka kan zo a 115, wutarmu kuwa 230 ce, don haka ku mayar da maɓallin kan 230 kafin ku jona. Rashin yin haka ne ya sa na ƙona wata kwamfuta samfurin Pentium, sai ji na yi fas, ga hayaƙi, ko tambarin Windows 98 ban gani ba.

In samfurin 486 ce, wato wadda ta girmi Pentium, ku buɗe cikinta. Batirin da ke ciki mai kamar 'yar ganga yakan yi yoyo, ga kuma laimar Legas. In kun ga kore-kore, ku cire batirin, ku goge wurin da ruwan khal da tsohon buroshi, ku bari ya bushe sarai.