Kurakuran da masu bindiga suka fi yi a gida da yadda za a gyara su

Duk wanda ya shigo da bindiga gidansa, don farauta ne ko don tsaron kai, ya ɗauko nauyin da ba ya sauka dare ko rana. Maganar lasisi ba sai an ja ta ba: a ƙasashe da yawa bindigar da hukuma ba ta san da ita ba laifi ce, kuma kowace ƙasa da tata dokar, sai ka nemi sanin taka. Abin da ya fi damuna shi ne mutumin da takardunsa suka cika, amma yana ganin ya san bindigarsa ciki da waje. Wannan sakankancewar ce take janyo yawancin abin da daga baya ake cewa tsautsayi ne.

"Ai babu harsashi a ciki." Da wannan maganar aka yi asarar rayuka masu yawa. Ƙaramar bindiga mai gidan harsashi, idan aka ɗana ta, harsashi ɗaya yakan hau ya zauna a gindin bututu. Ka zare gidan harsashin ka ajiye a gefe, wannan ɗayan yana nan, kuma da an taɓa kunama zai tashi. Gyaran yana da tsari, ba a juya shi: ka juya bakin bindiga inda babu kowa, ka zare gidan harsashi tukuna, sannan ka ja saman bindigar baya har na ciki ya faɗo, ka leƙa da idonka, ka sa yatsa ka taɓa ramin. In ka fara da jan saman kafin zare gidan, ka fitar da ɗaya ne ka ɗora wani. Ko bayan ka gama, ka ci gaba da riƙe ta kamar mai harsashi. Kada bakinta ya kalli mutum ko da wasa, yatsanka kuma ya kwanta a gefe, nesa da kunama. Ɗan maɓallin da ke tsare kunama ƙarfe ne kawai, yana iya lalacewa, ana kuma iya mantawa ba a rufe shi ba.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar ɓoyewa a matsayin kullewa. Saman kabad, ƙarƙashin katifa, cikin akwatin kaya: duk yaron da ya taɓa neman wani abu a ɗakin iyayensa ya san waɗannan wuraren. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2006, an tambayi iyaye da 'ya'yansu kowa daban. Cikin iyayen da suka ce yaransu ba su san inda bindiga take ba, kusan huɗu cikin goma yaran sun ƙaryata su. Wani binciken na 2001 ya bar yara maza 'yan shekara 8 zuwa 12 a ɗakin da aka ɓoye bindigar da aka gyara yadda ba za ta yi harbi ba. Yawancin waɗanda suka gano ta sun ɗauke ta, wasu har da jan kunama, alhali galibinsu an taɓa yi musu gargaɗi a kan bindiga. Ka ja wa ɗanka kunne, i, ka koya masa in ya ga bindiga kada ya taɓa, ya fita ya kira babba. Amma kada ka rataya ransa a kan biyayyarsa. Kuma kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka: akwai 'yan shekara uku da huɗu da ke iya jan kunamar ƙaramar bindiga da yatsu biyu.

Gyaran ba shi da wuya. A cire harsashi, a kulle bindigar a akwatin ƙarfe da aka ɗaure da bango ko ƙasa don kada ɓarawo ya ɗauke shi gaba ɗaya, harsasan kuma a kulle su a wani wuri daban. In akwatin bai samu ba tukuna, akwai kwaɗo mai igiyar ƙarfe da ake zurawa ta cikin bindigar ya hana ta rufuwa. Ostareliya, bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996, ta sa ajiya irin wannan cikin sharuɗɗan samun lasisi. Sai kuma makulli, inda da yawa ke zubar da duk ƙoƙarinsu: akwati a kulle, makulli a rataye a ƙusa kusa da shi. Ya zauna a jikinka. In akwatin mai lamba ne, kada ka sa ranar haihuwar wani a gidan.

Na san abin da za a ce: in ɓarawo ya shigo cikin dare, yaushe zan tsaya neman makulli? Akwai ƙananan akwatuna masu buɗewa da lamba ko zanen yatsa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Kuma waɗannan daƙiƙoƙin suna da amfani, domin wanda ya farka a firgice ya yi harbi a kan motsi cikin duhu, wani lokaci ɗansa ne ya tashi shan ruwa. Kada ka harbi abin da ba ka gani da kyau ba. Ka kuma tuna harsashi yana ratsa ƙofa da bango mara kauri ya sami na ɗayan ɗakin.

Akwai kuskuren da ba a son ambata, kuma a ganina ya fi sauran nauyi: barin bindiga a kusa lokacin da wani a gidan ke cikin ƙunci. A Amurka, cikin mutum 48,830 da bindiga ta kashe a 2021, fiye da rabi kansu suka kashe. Sau da yawa tunanin yakan zo ne da zafi na ɗan lokaci ya wuce, kuma yawancin waɗanda suka tsira daga yunƙurin ba sa mutuwa ta wannan hanyar daga baya. Bindiga ce ba ta bayar da dama ta biyu. A 2006 rundunar sojin Isra'ila ta hana sojojinta tafiya gida da bindiga a ƙarshen mako, kisan kai a cikinsu ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Saboda haka in matashi a gidanka ya shiga damuwa, ko rikicin aure ya yi tsanani, ko tsoho ya fara ruɗewa, ko kai da kanka ka ji zuciyarka ba daidai ba, fitar da bindigar daga gidan ta hanyar da doka ta yarda, a kuma nemi likita. Babu abin kunya a ciki.

Sauran a gurguje. Danshi yana kawo tsatsa, don haka a goge ta da ɗan mai kafin a ajiye, kada a bar ta cikin jakar da ke riƙe laima. A duba bututu kafin amfani, domin laka ko tsumman da aka manta a ciki na iya fasa shi a fuskar mai harbi. Harsashi ya zama irin wanda aka rubuta a jikin bindigar. Ba a taɓa ta da maye ko cikin fushi, ba a ba da aronta, ba a kuma harbi sama don murna, tunda harsashin zai sauko a kan wani. Rubuta lambar jikinta ka adana daban. In an sace, ka sanar da 'yan sanda nan take.

In mai bindiga ya rasu, lasisinsa ba ya cikin kayan gado. Magada kada su yi ta jujjuya ta suna neman gane ko da harsashi a ciki. Su kulle ɗakin, su sanar da 'yan sanda, su bi abin da doka ta tanada na miƙa ta ko neman sabon izini.