Shawara ga mai shirin zuwa Damagaram

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda Allah ya nufa da ziyarar Zinder, don Allah ya fara da unguwar Birni, kuma ya yi sammako, domin rana na ɗagawa manyan duwatsun nan da suka cika unguwar sai su ɗau zafi, yawo ya gagara.

Ka nufi fadar Sarkin Damagaram tukuna. Kada ka kutsa kai kawai. Ka gaida dogarai, ka faɗi abin da ya kawo ka, su haɗa ka da mai zagayawa da kai. A bakinsa za ka ji labarin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye garin da ganuwa har ya sa aka ƙera masa manyan bindigogi. Daga nan ka bi lunguna a ƙafa, ka tsaya ka dubi zanen da magina suka yi a fuskar zaurukan ƙasa. A ganina nan ne daɗin garin yake, ba a kan titi ba. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton gidan mutane.

Zinder ce fa hedikwatar Nijar a hannun Faransa har 1926, kafin a koma Yamai.

In da hali, ka daidaita tafiyarka ta faɗa ranar Alhamis, ranar da kasuwar Dole ke cika. Sai ka kula da lissafi: da dala ake ciniki, dala ɗaya sefa 5 ce. In mai kilishi ko ɗan kabu-kabu ya ce maka ɗari, sefa 500 yake nufi.