Yadda ake gyaran kiremayar tsohuwar motar gudu, da zaɓen wata idan ta ƙi gyaruwa

Cikin hunturun bara wani saurayi ya kawo mana BMW E30 mai ƙofa biyu. Ya ce ta mahaifinsa ce, ta yi shekaru a ƙarƙashin rumfa a unguwar Zariya kafin a ba shi makullin. "Maigida, sitiyarin wasa yake yi, kuma duk sati sai na ƙara mai." Na ce wa yarona ya kwanta ƙarƙashi ya matsa robar kiremaya ta gefen direba. Yana matsawa jan mai ya tsiyayo masa har gwiwar hannu, da yashi a ciki, kamar kwaɓin ƙasar yaɓe.

Abin da muke ce wa kiremaya a garejin Maraɗi, shi ne 'yan uwanmu na Katsina da Kano ke kira rak. Sanda ce ta ƙarfe mai haƙora, kwance cikin bututu tsakanin tayoyin gaba. Wani ɗan giya, piniyo, yana cizon haƙoran. Ka murɗa sitiyari, shi ya juya, sandar ta tafi hagu ko dama ta ja tayoyi. Roba biyu masu kama da zugazugi, sufle, su ke rufe bakunanta. A ƙasarmu rayuwar kiremaya tana hannun robobin nan. Rana ta gasa su, su tsage, ƙurar hunturu da yashin unguwa su shiga su haɗu da giris, shi ke nan sandar ta samu sanfefa mai cin ta duk juyi ɗaya.

Kafin mu yi nisa: Marsandi 190 da W124 da yawancin BMW E34 ba su da kiremaya, akwatin sitiyari gare su, aikinsu daban ne. Maganarmu a nan ta irin su E30 da E36, Golf GTI, Peugeot 205 GTI, Toyota Celica da Mazda MX-5 ce. Ita ma tsohuwa 504 kiremaya gare ta, yawancin abin da zan faɗa ya shafe ta.

A fara tabbatar da mai laifi

Kiremaya da yawa an sauke su ba su da laifin komai. Ɗaga gaban mota, ka ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe. Bulo yana fashewa, kirik (jak) kaɗai kuma ba abin da mutum zai sa ƙirjinsa ƙarƙashi ba ne. Kama taya da hannu biyu, hagu da dama, ka girgiza, wani kuma yana bin wasan da tafin hannu. Ya dafa rotil na waje, wato gaɓar ƙarfe da ke haɗa kiremaya da taya. Ya matsa sufle ya laluɓo rotil na ciki, wanda ke ɗaure a bakin sandar. Ya duba robobin da ke riƙe da bututun a jikin mota, sannan ƙaramin kardan da ke haɗa sandar sitiyari da piniyo. Rotil na ciki shi ne ya fi yaudarar mutane, ƙwanƙwasarsa sak ta kiremaya ce, ga shi kuma ana canza shi ba a sauke komai ba.

Idan duk waɗannan lafiya lau amma ka ga sandar kanta tana ɗagawa sama da ƙasa cikin bututu, ko piniyo na motsi sanda ba ta amsa ba, ko sufle cike da mai, to sai sauka.

Saukewa

Miƙe tayoyi sosai, ka ɗaure sitiyari da bel ɗin kujera. A motocin da ke da jakar iska, akwai wata siririyar waya a naɗe bayan sitiyari. In aka bar shi yana wulwulawa bayan an raba shi da kiremaya, tsinkewa take yi. Sa alamar fenti a inda kardan ya hau kan piniyo. Da za ka kwance rotil na waje, ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya fita, ka rubuta a kwali, na hagu daban na dama daban. Kada ka yarda da kai, zuwa la'asar ka manta.

Kiremaya mai amfani da famfon mai, wanda ke rage nauyin sitiyari, tana da tiyo biyu, na matsi da na komawa. Tara gwangwani, ka kwance su da sifanar da ke kama noti ta kusan duk gefensa, don notocin nan laushi gare su, sifana mai buɗaɗɗen baki tana mulmule su. Toshe ramukan da leda nan take.

Sai wanki da gazuwal, tun daga waje, kafin a buɗe komai. Kuma don Allah a samu tebur. Buɗe kiremaya a ƙasa, a filin gareji, iska na kaɗawa, wahalar banza ce. Mu ɗaki muke shiga, mu yayyafa ruwa a ƙasa, mu shimfiɗa kwali mai tsabta.

Buɗewa da dubawa, inda hukuncin yake

Cire sufle. Wurin kwance rotil na ciki, fito da sandar ta gefen haƙora ka kama ta a bayis, da guntun alminiyom ko fatar taya tsakani. Wanda ya bar piniyo ya ɗauki ƙarfin murɗawar, zai iya ɓare haƙori ko ya lalata bawul ɗin da ke raba mai hagu da dama, ya dawo yana zargin sil, wato robar da ke tare mai. Daga nan sai babban murfin da ke bayan piniyo: sa alama, kwance notin kulle, fitar da murfi, sifirin, da ɗan turmin da ke danna sanda kan piniyo. Cire kilif, zaro piniyo da rulmansa (boris) a hankali, sannan bushin na ɗaya bakin, sannan sandar. Jera komai a kan kwali yadda ya fito. Ɗauki hoto da waya a kowane mataki, musamman fuskar da kowane sil ke kallo.

Yanzu ka wanke sandar ka fita da ita haske. Abu uku ake nema.

Na farko tsatsa a sashen nan mai santsi da ke shiga cikin sil. Bi shi da farce. Tabo na sama-sama yana fita da sanfefa mai laushi, lamba 600 sannan 1000 ko 1200, da ɗan mai, ana zagaya sandar, ba a bin tsawonta. Amma idan farce ya faɗa rami ya tsaya, sabon sil ba zai yi wata biyu ba. Famfon sitiyari yakan kai matsin bar 100, ramin da bai kai ƙwayar gero ba ya ishe shi hanya. Motar da ta tsallaka ruwan damina da yagaggen sufle, a nan take nuna kanta.

Na biyu lanƙwasa. Mirgina ta kan gilashi mai kauri. In tana tsalle ko haske na ratsawa ƙarƙashi, ta taɓa dukan dutse ko bakin kwalbati. Na san akwai masu miƙe ta da matsi. Ni ba na sa hannu a wannan, don ƙarfen da ya lanƙwashe a wurin haƙora ban san abin da ya ɓoye a ciki ba.

Na uku haƙoran tsakiya. Mota tana yin kusan duk rayuwarta tana tafiya miƙe, saboda haka haƙora huɗu ko biyar na tsakiya su ke cinyewa, na gefe suna nan kamar sababbi. Gwada su da ido: na tsakiya in sun yi sirara, sun yi ƙyalli kamar bakin wuƙa, aiki ya ƙare. Wannan ne ciwon da ake ɓoyewa da ɗaure murfi, zan dawo kansa.

Leƙa kuma cikin gidan bawul, inda piniyo ke zama. Zobban tefulon na bawul ɗin sukan haƙa layuka a jikin alminiyom. Alamarsa a mota ita ce sitiyari ya yi nauyi da sanyin safiya, ko ya yi nauyi gefe ɗaya, in mai ya ɗumama ya saki. Layin da yatsa ke ji ba ya gyaruwa da sababbin zobba.

Ta saurayin nan, haƙoranta lafiya, amma tsatsa ta ci wuri mai faɗin ɗan yatsa daidai inda sil ke zama. Dole muka shiga neman wata.

In dai dole sai an saya

Ta hannu ce za ka samu, irin kayan da ke sauka Kwatano da Lome, ko a bi ta Ɗan Isa da Jibiya a nemo a Ƙofar Ruwa a Kano. Ka tafi da tsohuwarka a but. Hoto a WhatsApp ba ya auna komai.

Mu a nan muka sha kunya. Saurayin ya yi sauri, ya aika kuɗi aka ɗoro masa wata a motar haya. Tsaf da ita, ba tsatsa, ba wasa. Yarona ya ɗaga ta zai gwada, sai ya tsaya. "Maigida, wuyanta yana wancan gefen." Daga motar Ingila aka ciro ta, mai sitiyari a dama. Mu a dama muke tuƙi, sitiyarinmu a hagu, haka ma Najeriya tun 1972, amma kayan Ingila da na Japan suna shigowa cikin kwantena ɗaya da na Jamus da Beljiyam. Ba ta juyuwa, ba ta gyaruwa. Sati uku aka yi ana ja-in-ja kafin a musanya.

Bayan ka duba gefen da piniyo yake, ajiye su biyu a ƙasa kafaɗa da kafaɗa. Auna tazarar ramukan ɗauri. Auna daga rotil na ciki zuwa ɗan uwansa. In tazarar ta bambanta, duk lokacin da taya ta faɗa rami za ta karkata da kanta, mota ta riƙa fizga. Ƙirga haƙoran kan piniyo inda kardan ke hawa. Duba bakin tiyo. Sannan ka murɗa piniyon kowace zuwa dama ka ga ina sanda ta nufa. Wasu motoci kiremayarsu tana gaban tsakiyar taya, wasu tana baya, kuma ba sa tafiya gefe ɗaya. In aka yi kuskuren nan, ka murɗa dama mota ta yi hagu. Zame sufle ka ga sandar da idonka kafin ka biya. Mai kaya da ya hana ka, ka bar masa abinsa.

Masu son gudu kuma suna da tasu maganar, ta kiremaya mai sauri. Ana gane ta da yawan zagayen sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Ta asalin E30 kusan 4 ce, ta E36 uku da 'yan kai, ta BMW Z3 kuwa 2.7, shi ya sa ake rububinta. Dukansu suna hawa E30, amma sai an sa zobban cika gibi a wurin ɗauri, an daidaita kardan, an gyara tiyo. Saurayin Z3 yake so. Na ce masa ya tuna inda zai tuƙa ta. A kan kwalta mai laushi daɗi gare ta, amma a hanya mai tudu da kwari, ko ka sauka gefen titi ka ba babbar mota wuri a hanyar Zinder, ɗan motsin hannu kaɗan ya isa ya watsa ka, kuma duk dukan da taya ta sha a wuyan hannunka zai sauka. Ta E36 muka sa masa. Kuma mai sauri ba tare da famfo ba, juya ta cikin yashi aikin ɗan dambe ne.

Haɗawa

Ko taka ce ko ta hannu, shekara 25 ko fiye gare ta, a canza mata sil gaba ɗaya. Na can cikin bututu shi ne mai wuya: da doguwar sanda ake fitar da shi, a kula kada a karce bango, sabon kuma leɓensa ya kalli wajen mai. Kafin ka zura sanda ta cikinsa, naɗe haƙoran da salatif siriri ko ledar da aka shafa wa mai, in ta wuce ka zare. Sau da yawa kiremayar da ke yoyo washegarin gyara, haƙora ne suka yanka sabon sil.

Zobban tefulon a jiƙa su cikin ruwan zafi su yi laushi. In sun hau sukan buɗe, sai a naɗe su da yankin gwangwani mai santsi, a matse da kilif ɗin tiyo minti goma su koma daidai. Giris a haƙora da rulman da turmi, man sitiyari a kan sil. Kada giris ya toshe hanyar iska tsakanin sufle biyu, wani bututu ne siriri a waje ko rami a cikin sanda. In ta toshe, sufle ɗaya ya kumbura ɗaya ya shanye har ya tsage.

Sai ɗaurin murfi. Kawo sanda tsakiya, ɗaura murfi a hankali har ya taɓo, ka mayar baya kaɗan. A waɗanda na taɓa, bai cika wuce kashi ɗaya cikin takwas na zagaye ba, amma in kana da littafin motar bi nasa. Kulle noti, ka juya piniyo da hannu daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Ya tafi sumul ba inda ya cije. Wadda tsakiyarta ta cinye, in ka ɗaure har wasa ya ɓace, gefe zai kama. Mai mota zai tafi yana murna, ranar da ya sha kwana a shataletale sitiyari ya ƙi dawowa da kansa, ranar zai san abin da aka yi masa. Na fi so in bar ɗan wasa in gaya wa mutum gaskiya.

Rotil na ciki a sa masa sabon wanki na kulle ko maganin kulle zare. Sufle a saya mai kyau, a ɗaure da kilif na ƙarfe. Igiyar roba ta tsohuwar tuf da wayar ɗauri, su suka kawo mu nan tun farko.

Mayarwa da gwaji

Kiremaya a tsakiya, sitiyari a tsakiya, alamar fenti ta haɗu. Kafin ka ɗaura tiyon komawa, zubar da tsohon mai daga tanki da famfo, don dattin da ya kashe waccan yana nan. Karanta murfin tanki: wasu jan ATF suke sha, wasu kore irin CHF 11S, Honda kuma nata daban. Ba a gauraya su, man birki kuwa ko kusa.

Tayoyi a sama, inji a kashe, juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau 20 kana ƙara mai. Sannan ta da inji ka maimaita. In mai ya yi kumfa ko famfo na kuka, kashe ka jira ya kwanta. Kada ka danne sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa biyar.

Ƙirgan da ka rubuta a kwali zai kai ka wurin masu paralelis ne kawai, wato alaimen, bai isa a yi tafiya da shi ba. Bayan an daidaita, nemi miƙaƙƙiyar kwalta da sassafe, mu hanyar Madarunfa muke bi. Sha kwana a hankali ka sassauta hannu, ka ga ko sitiyari zai dawo da kansa, hagu da dama. In kun dawo, a bar ta ta kwana a kan kwali mai tsabta, da safe a duba kwalin, a sake matsa sufle biyun.