Yadda za ka tono labarin Sawakin daga bakin tsofaffin gidanku

A ƙauyenmu, can arewa da Gumel, da wuya ka shiga gida uku ba ka tarar da wanda wani nasa ya tafi Makka ta ƙasa ba. Wasu sun dawo bayan shekara bakwai, wasu har yau shiru. A gidanmu ƙanwar kakana ce, wadda kowa ke kira Gwaggo. An tafi da ita tana 'yar ƙwailarta, ta dawo da goyo a baya. Duk labarin da za ta bayar sai ya biya ta wani gari wai shi Sawakin: gari a tsakiyar ruwa, benaye farare masu hawa biyu da uku, amma ba kowa a ciki sai kyanwoyi. Muna yara mun ɗauka tatsuniya ce. Sai da na fara koyarwa na bincika, na tarar tsohuwar nan ba ta ƙara gishiri ko kaɗan ba. Ga yadda na bi, ko wani zai gwada a gidansu tun masu labarin suna da sauran numfashi.

Kafin ka shimfiɗa tabarma, ka san wurin tukuna, don wanda bai san hanya ba ba ya gane inda mai labari ya ratse. Sawakin tana gaɓar Bahar Maliya a Sudan, kimanin kilomita 60 kudu da Fot Sudan, wadda tsofaffi ke kira Bur Sudan. Tsohon garin yana kan ɗan tsibiri ne da bai kai kilomita ɗaya ba daga wannan baki zuwa wancan, a ƙuryar wani dogon lungu da teku ya kutso cikin ƙasa. Ibn Baɗuɗa ya sauka a nan a ƙarni na 14. Turkawan daular Usmaniyya sun karɓe shi a 1517, ya koma hannun Masar a 1865, a 1877 kuma Gordon, Baturen Ingila da ke gwamnan Sudan a lokacin, ya sa aka yi ciko aka haɗa tsibirin da tudu. Ta nan fataken Sudan ke fitar da ƙaro da hauren giwa, da bayi ma, kada mu ɓoye, ta nan kuma maniyyata ke haye zuwa Jidda. Abin da ya kashe garin shi ne sabuwar tashar Fot Sudan da Turawan Ingila suka fara ginawa a 1905, saboda mashigar Sawakin ta yi wa manyan jirage ƙunci. 'Yan kasuwa suka kwashe, aka bar gidaje da iska. Wannan ya ishe ka guzuri.

To sai zaman. Ka zaɓi bayan la'asar, ka riƙo goro ko ɗan tsire, ka ajiye wayarka tana naɗar murya bayan ka nemi izini. Kuma don Allah kada ka buɗe da tambayar shekara. Ni da wannan tambayar na fara, Gwaggo ta dube ni ta ce, “Angona, wa ke ƙirga shekara yana tafe da ƙafa?” Ranar ban samu komai ba. Kashegari na ce, “Gwaggo, wane irin ruwa kuke sha a can?” Nan bakin ya buɗe. Ta ce ruwa ya kewaye su ko'ina amma ba mai iya kurɓa, na sha sai an saya, ana kawo shi a salka bisa jakuna, kuma da ɗan zartsi-zartsi. Mahaifiyarta kan auna musu da ludayi. Daga baya na karanta cewa tsibirin ba shi da ruwan daɗi, daga rijiyoyin Shata da ke kan tudu ake ɗebo masa. Ka ga maganarta ta hau daidai.

Haka za ka riƙa yi: tambayi ciki, tambayi hanci, tambayi ƙafa. Me aka ci, me ke wari, me ya cije ka. Daga abinci ne na ji labarin masunta da kifin da ta ce ja ne kamar an shafa masa lalle, da mutanen Bija masu tulin suma da ke saukowa daga duwatsu da raƙuma da madara, da gahawar da suke dafawa da citta a ɗan tulun yumɓu mai dogon wuya, wanda suke kira jabana. Daga ƙafa kuma na ji cewa duwatsun gidajen suna da ramuka kamar saƙar zuma, suna yanka tafin sawu. Wannan dutsen murjani ne, daga cikin teku ake haƙo shi a sassaƙa a yi gini, a shafe da farar ƙasa. In an daina shafen, gishiri da laima su cinye shi, bango ya zube. Dalili ke nan da garin ya rushe ba tare da an harba masa igwa ba.

In kana son shekara, akwai dabara. Tambayi tutar da suka gani a ofishin hukuma da kuɗin da suke kashewa. Kafin Sudan ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Janairun 1956, tuta biyu ake kafawa, ta Ingila da ta Masar, kuɗin Masar kuma ake amfani da shi. Gwaggo ta ce tuta biyu ta gani a wurin da aka killace su aka yi musu lamba kafin shiga jirgi, har ta janye mayafi ta nuna mini tabon a damtsenta. Da wannan na san kafin 1956 ne.

Kada ka ce sai an jero maka hanya a jere. Ka rubuta sunayen yadda suka fito, daga baya ka ɗora su a taswira: Maiduguri, Fallomi wato Njamena ta yau, Abeshe, Jinena, Ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa, sai Jazira inda da yawa suka yi shekaru suna tsinkar auduga don tara kuɗin jirgin ruwa. In an ambaci Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, ka ja layi a ƙarƙashi, don mai yiwuwa kuna da dangi a can. Ka kuma nemi a buɗe maka tsohuwar adaka. A tamu na sami wani ɗan kofin gahawa marar hannu, bakinsa a ɓalgace, naɗe a tsumma.

Abu na ƙarshe da na yi, kuma ina ba da shawarar a bar shi ƙarshe don kada hoto ya gurɓata tunanin mai labari, shi ne nuna mata garin a waya. Ka nemi hoton tauraron ɗan'adam, za ka ga tsibirin zagaye kamar faifai. Ka nemi hotunan masallatan Hanafi da Shafi'i da Turkiyya ta gyara, da tagogin katako masu huji-huji da ake kira roshan, da tashar Usman Digna inda har yanzu jirage ke ɗaukar mutane da tumaki zuwa Jidda. Gwaggo ta karɓi wayar da hannu biyu, ta kai ta dab da ido, ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can ta ɗora yatsa a kan cikon da ya haɗa tsibirin da tudu ta ce a daidai nan ƙaninta ya zame ya faɗa ruwa, wani masunci ya cafo shi da riga. Ban taɓa jin tana da ƙani ba. Ta ce a Jidda ya rasu, kwana tara da saukarsu, ta kuma faɗi sunansa. Na rubuta shi a shafin farko na littafin, na karanta mata ta ji ko na rubuta daidai.