Fatsar tirawut a tafkin Katy: yadda ɗan Yawuri ya sake koyon su

Ni ɗan Yawuri ne. Wanda ya tashi a bakin Kwara, ko ba Basarke ba ne, ya san yadda ake soke tana a ƙugiya tun kafin ya iya ɗaure tazuge. Shi ya sa ranar da na fara zuwa tafkin Mary Jo Peckham Park da ke Katy, yamma da birnin Houston a jihar Texas, na je ne da faɗin rai. Na ɗauki zare mai kauri irin wanda muke ja wa tarwaɗa, da ƙugiya kusan tsawon ɗan yatsa, da hantar kaza a leda. Tun bayan asuba nake zaune har rana ta take, ko taɓi ban samu ba. A gefena kuwa wani dattijo, da wata 'yar sanda siririya kamar tsinken tsire, ya cire kifi biyar cikin abin da bai kai awa guda ba, ya naɗe kayansa. Da zai wuce ya dubi ƙugiyata ya yi murmushi, ya tambaye ni ko kada nake nema.

Shi ne ya zauna ya nuna mini abin da zan faɗa maka yanzu, sauran kuma sanyi da asarar koto suka koya mini.

Fara da sanin kifin. Tirawut mai bakan gizo, wanda ke da jan zane a haƙarƙari da ɗige-ɗigen baƙi a baya, asalinsa kifin ruwan sanyi ne na kogunan da ke gangarawa tekun Fasifik daga yammacin Amurka ta Arewa. Ya fi walwala idan sanyin ruwa yana tsakanin digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin Salshiyos. Da ruwa ya haura 21 sai ya fara galabaita, don ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar da yake buƙata. Zafin Texas kuwa ba ya gaya wa na Sakkwato baƙar magana. Saboda haka kifin nan ba ya haihuwa a tafkunanmu, ba ya ma kai wa bazara. Hukumar kula da gandun daji da namun dawa ta jihar, Texas Parks and Wildlife, ita ke kawo shi daga gidan kiwo a cikin motar tanki, ta zuba a tafkuna daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Maris, sama da 300,000 a kowane hunturu a faɗin jihar. An zuba shi ne don a kama a ci.

Wannan shi ne mabuɗin komai. Kifin da kake nema bai taɓa farautar komai ba a rayuwarsa. A kwamin siminti ya girma, ana watsa masa dunƙulallen abinci daga sama kamar yadda ake watsa wa kaji tsaba. Bakinsa ƙarami ne, tsawonsa galibi bai wuce inci 12 ba, idonsa kuma yana gani tar a ruwa mai haske. Tarwaɗa da hanci da gashin baki take neman abinci a cikin laka, ba ruwanta da kaurin zarenka. Wannan kuwa da ido yake ci, in ya hango zare sai ya kauce.

Kafin kaya, takarda. A gida ba wanda zai tare ka a bakin kogi ya ce ina lasisin fatsarka, a nan kuwa jami'an hukumar suna zagayawa, kuma tarar tana iya fin kuɗin lasisin nesa ba kusa ba. Duk wanda ya kai shekara 17 sai ya sayi lasisin kamun kifin ruwan daɗi, a shagon kayan wasanni ko ta intanet. Lasisin shekara na yau da kullum yana ƙarewa ne ranar 31 ga Agusta. Yaran da ba su kai 17 ba ba sa buƙata, haka kuma in a cikin gandun shaƙatawa mallakar jiha kake kamun, ba a neman lasisi, kuɗin shiga kawai za ka biya. Tirawut biyar aka yarda mutum ya ɗauka a rana. A irin waɗannan ƙananan tafkuna na cikin unguwa fatsa kaɗai aka halatta, sanda biyu iyaka. Birgi da mamari da homa sai ka bari sai ka koma gida. Karanta allon da ke bakin tafkin kafin ka jefa, don wasu wuraren suna da nasu ƙarin sharaɗin.

Sai jadawali. Hukumar tana wallafa ranakun da za a zuba kifi a kowane tafki, kuma tafkunan shirin da suke kira Neighborhood Fishin', wanda na Katy yana ciki, ana zuba musu ne duk bayan mako biyu a lokacin sanyi. Ranar zubi da kwana biyu ko uku bayanta su ne kakarka. Bayan nan kifin ya ragu: mutane sun kwashi nasu, baƙaƙen tsuntsayen ruwan nan masu nutso sun kwashi nasu, wanda ya tsira kuma ya yi wayo. Wani lokaci ranar takan gota saboda yanayi, don haka ka sake dubawa da daddare kafin ka kwanta.

Kayan ba su da tsada, kuma kada mai shago ya ruɗe ka da na gayu. Sanda mafi sauƙi a shagon, mai tsawon ƙafa biyar zuwa shida, haɗe da ɗan injinta na naɗe zare. Zare na fam 4, wato mai jure nauyin fam 4 kafin ya tsinke, in ka ji tsoro na fam 6, kada ka wuce haka. Ƙugiya lamba 10 ko 12. A lissafinsu, iya girman lamba iya ƙanƙantar ƙugiya, abin da ya ɗaure mini kai da farko. Sai dalma mai rami a tsakiya, mai kama da ƙwan tsuntsu, mai nauyin kamar giram 4 zuwa 7, da ɗan ƙarfen nan mai zobe biyu da ke juyawa don kada zare ya murɗe.

Koto kuma iri uku nake ɗauka. Na farko ƙullin PowerBait, wanda ake sayarwa a ƙaramar kwalba, mai launi kala-kala da wari irin na abincin gidan kiwo. Na biyu masarar gwangwani, ƙwaya biyu a ƙugiya sun isa. Na uku tana, amma rabi ko sulusi, ba guda ba. Wasu suna amfani da farar alewar nan mai laushi, mashmalo, don tana tasowa sama. Ni na bar ta, saboda galibin wadda ake sayarwa a nan da sinadarin alade ake haɗa ta, kuma ba na son in shafa ta a hannu in zo in ci kifin da ya haɗiye ta.

Ga ɗaurin da dattijon ya nuna mini, wanda har yau shi ya fi ba ni kifi. Ka zura zaren sandarka ta cikin ramin dalmar, ka bar ta tana zamewa, kada ka ɗaure ta. Ka ɗaura ƙarshen zaren a zobe ɗaya na ɗan ƙarfen mai juyawa. A ɗaya zoben ka ɗaura wani guntun zare mai tsawon kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa yatsa, sannan ƙugiya a ƙarshensa. Yadda ake ɗaura ƙugiyar: zura zare ta idon ƙugiya, naɗe shi a jikin kansa sau biyar ko shida, maido da bakin ta ƙaramar kafar da ke kusa da idon, sannan ta babbar kafar da ka buɗe, ka jiƙa da yawu, ka ja a hankali. In ba ka jiƙa ba, zaren yana ƙonewa da gogayya, ya tsinke ranar da ba ka so.

Yanzu ka ɗebi ƙullin PowerBait kamar girman gyaɗa, ka mulmula shi ya rufe ƙugiyar ruf. A nan ne mutane da yawa ke faɗuwa, ni ma na faɗi. Hikimar ƙullin ita ce yana tasowa. Dalma tana kwance a ƙasa, koto yana shawagi kamu guda sama da ciyawa da laka, daidai inda kifin ke wucewa. In ƙugiyar ta yi nauyi ko ƙullin ya yi kaɗan, sai ya nutse cikin ciyawa, ka wuni kana gadin abin da ba mai gani. Saboda haka kafin ka jefa, tsoma shi a gaɓa inda kake iya gani. In ya taso, madalla. In ya nutse, ƙara ƙulli ko ka rage ƙugiya. In ciyawar tafkin doguwa ce, ka ƙara tsawon guntun zaren.

Jifa kuma a hankali, kamar mai miƙa wa yaro mangwaro, don ƙulli yana fita in ka fizga. Ba sai ka kai tsakiya ba. Sabon zubi yakan yi garke ne yana kewaya tafkin kusa da gaɓa, kamar yadda ya saba kewaya kwaminsa, sau da yawa ma a kusa da inda motar ta juye shi. Ka bar dalmar ta sauka, ka naɗe zaren har ya ɗan miƙe, ka jingina sandar a kan itace mai baki biyu, ka zuba wa bakinta ido.

Cinsa ba irin na tarwaɗa ba ne da za ta figi sanda ta nufi ruwa da ita. Za ka ga bakin sandar ya yi ƙyaf-ƙyaf sau biyu ko uku, ko zaren ya saki farat ɗaya. Kada ka yi wuf. Dalma mai zamewa amfaninta kenan, kifin yana jan zaren ta cikinta bai ji nauyi ba. Jira har zaren ya fara tafiya, sannan ka ɗaga sandar da wuyan hannu kawai. Fizgar da muke yi a gida, wadda ake yi da kafaɗa har mutum ya ja da baya, a nan yage bakin kifin take yi ko ta tsinka zaren. Kifi uku na zubar a rana ɗaya kafin hannuna ya yarda. Akwai kuma wani maɓalli a saman injin da ke matse zare ko ya sassauta shi. Sassauta shi yadda in ka ja da hannu zai fito da ɗan ƙara, don in kifin ya zabura ya samu zare maimakon ya tsinka.

In minti ashirin ta wuce ba labari, ka canja abu ɗaya: launin ƙulli, ko tsawon guntun zare, ko wurin zama. Abu ɗaya, ba duka ba, in ba haka ba ba za ka san abin da ya yi aiki ba. In ka ga kifi yana tsalle ko yana huda saman ruwa, to sama yake, cire dalmar ka sa 'yar ƙwallon roba mai shawagi, ka rataya tana ko masara kamu biyu a ƙarƙashinta.

Wanda zama ke gundura sai ya nemi koton ƙarfe, irin Rooster Tail ko Panther Martin, ƙanana, masu ɗan faranti da ke juyawa yana walƙiya. Ka jefa, ka ƙirga zuwa uku, ka naɗe a hankali iya yadda farantin zai ci gaba da juyawa. Ba ci, jefa na gaba ka ƙirga zuwa shida, haka har ka gano zurfin da suke. Ɗana ya fi son wannan, ni kuwa tsufa ya sa na fi son kujera da shayi a fulas.

Lokaci mafi kyau shi ne daga idar da sallar asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Ranar da hadari ya rufe sama takan yi kyau tun safe har yamma. Ka sa rigar sanyi fiye da yadda kake zato, iskar bakin ruwa a Janairu tana shiga ƙashi.

Wanda ya ci ƙulli yawanci ya haɗiye ƙugiyar har ciki, sakinsa ba lallai ya tsirar da shi ba, don haka ka lissafa shi cikin biyar ɗinka. Ka buga masa abu a ka ya huta, ka sa shi cikin ƙanƙara nan take, don namansa yana saurin saki. A gida ka farke cikin, ka cire jan naman da ke cikin kunnuwa, ka kankare baƙin jinin da ke kwance a jikin ƙashin baya da babban yatsa. Ɓawonsa ƙanana ne ƙwarai, ba sai ka wahala da kankara ba. Uwargida ta gwada shi a miya sau ɗaya, ya narke kamar ba a sa ba. Tun daga nan suya muke yi: gishiri, tafarnuwa, yajin ƙuli, minti huɗu kowane gefe. Ɗanɗanonsa bai kai na karfasar Kainji ba, wannan gaskiya ce, amma yara ba sa barin ko ƙaya.

Zuwa tsakiyar Maris ruwan ya fara ɗumi, tirawut ya ƙare. A watan Afrilu motar tana dawowa tafkin, wannan karon da tarwaɗar Amurka a ciki. Ranar nake ciro zarena mai kauri daga ƙasan akwati, in aika a sayo mini hantar kaza.