Kurakuran da ake yi kan maƙwaƙƙwafin tsauni

Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Gusau, kuma duk shekara idan muka zo kan maƙwaƙƙwafi, kurakuran da nake bi da jan biro ba sa canzawa.

Yara sukan rubuta cewa wanda suke ji yana ƙwanƙwasar bishiya a gindin dutsen Kwatarkwashi shi ne na tsauni. Ba shi ba ne. Namu tsuntsun ƙasa mai zafi ne, kansa toka-toka, namijin da ɗan ja a tsakar ka. Na tsauni, wanda masana ke kira Tullberg, bayansa kore ne, kuma gidansa kurmi mai hazo a tsaunukan Obudu da Kamaru da tsibirin Bioko, inda yake tsintar tururuwa a jikin rassa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na numfashi. Sai ka ga an rubuta wai rabon oksijin a cikin iska yana raguwa a kan tsauni. A'a, yana nan kashi 21 cikin 100, ko a Gusau ko a ƙololuwar tsaunin Chappal Waddi na jihar Taraba mai tsayin mita 2,419. Matsin iskar ne ke raguwa: a mita 2,000 ya koma wajen kashi 80 cikin 100 na bakin teku, don haka kowace shaƙa ba ta cika ƙoshi ba. Tsuntsu yana da jakunkunan iska a jikinsa, su ke tura iska ta ratsa huhu ta hanya ɗaya, yana shaƙa ko yana fitarwa. Kowane tsuntsu haka Allah ya yi shi, har kazar gidanku, don haka kada a ce baiwar na tsauni ce shi kaɗai.

Batun cewa ƙoƙon kan maƙwaƙƙwafi katifa ce mai shanye bugu ma a daina. Binciken da aka wallafa a 2022 ya nuna kan kamar guduma yake, ƙanƙantar ƙwaƙwalwar ce ke kare ta.

Ɗaya kuskuren na manya ne. Suna cewa yana kashe itace, alhali tsutsar da ke cin itacen yake zaƙulowa da dogon harshensa. Busasshiyar bishiyar da ake gaggawar sarewa don girki, a cikinta yake fafe ramin da zai yi ƙwai, ya kuma kwana idan sanyin dare ya sauko. Mai gona, idan ka ga rami zagayayye a busasshen reshe da ɓarɓashin itace a ƙasa, ka bar masa wannan reshen.